Tulun Wake Ɗaya Ya Kai Ni Ƙasar Manga

Tun da na dawo daga gabas ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a kasuwar Gazawa a tambaye ni, har a rumfar karatun manya inda muke koyon rubutu bayan la'asar. Wani ya ce haƙar zinariya na je. Wani ya ce yunwa ce ta taɓa mini kai, shi ya sa na ratsa ƙasa biyu na dawo da buhun ƙasa. Da bakina ya gaji, mushenmu, malamin da ke koya mana, ya ce, "Malam Labo, tunda hannunka ya fara faɗawa, zuba shi a takarda, kowa ya karanta ka huta." To ga shi.

Fari ya yi mana shekara biyu a jere. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Abin da na tsira da shi a gona kaf, tulu ɗaya ne na wake ɗan wuri, irin da na gada wajen mahaifina, wanda ko damina ta gajarta yakan kai. A ƙauyenmu, kudu da Gazawa, kusan kowa ya cinye irinsa. Ni na cuɗa nawa da toka, na liƙe bakin tulun da laka, na ce ba mai taɓawa sai ruwa ya sauka. A gida kuwa anza ake ci, 'ya'yan wani itacen daji, a jiƙa ta kwana da kwanaki ɗacin ya ragu.

Wata safiya matata Hajo ta kara kunne a jikin tulun, ta kira ni.

"Malam, zo ka ji. Ana cin waken nan fa. Mu ne kawai ba mu ci."

Na fasa lakar. Ƙwari ne, sun raina tokar, suna ta harkarsu. Saura wajen wata biyar damina.

"In dai ci za a yi," in ji Hajo, "gara ɗiyana da ƙwaro."

Ban ga laifinta ba. Amma in aka dafa shi, kwana nawa zai yi mana? Ranar da ruwa ya zo kuma, mi zan sa a rami?

Ran kasuwa na faɗa wa wani Bamange mai sayar da kanwa damuwata. Ya ce a garinsu, arewa da Nguru, akwai wata farar ƙasa wajen tabki, in aka cuɗa wake da ita ƙwaro bushewa yake. Ba ya zuwa da ita don ba mai saye. Ya faɗi sunan garin na rubuta a kayena, littafin da nake karatu da shi. Da na koma gida na roƙi Hajo.

Ta ce, "Na ba ka kwana ashirin. Kullum zan shanya shi a rana. In ba ka dawo ba, tukunya."

Abokin tafiyata Ja'e ne, Bafillacen da yake sauka a gonata kowace kaka tun muna samari, shanunsa su ci kara su bar mini taki. A farin nan ba a bar masa ko maraƙi ba. Da ya ji zan tafi, ya ɗauko sandarsa ya rataya a kafaɗa.

"Kaɗo, kai kaɗai ɓacewa za ka yi. Ni kuma ƙafata ba ta iya zama ba."

Ta Najeriya muka bi, don motocin da ke zuwa gabas ta ƙasarmu duk cike suke da hatsin taimako, ba wurin mutum. A bakin iyaka wani ma'aikaci ya duba takardata ya miƙo mini, ya juya ga Ja'e.

"Kai daga wace ƙasa kake?"

"Daga bayan shanu."

"Ina shanun?"

"Sun riga ni."

Mutumin ya dube shi ɗan lokaci, ya kaɗa hannu muka wuce.

Katsina ba baƙon wuri ba ce gare ni, kakana daga can ya fito, maganarsu tamu ce. Kano ce ta ba ni mamaki. Mun sauka a zauren wani ɗan ƙasarmu mai gadi a Fagge, mu kusan goma sha biyar, kowa da tabarmarsa. Mutanen unguwa "mutanen Faransa" suke kiranmu, ni da ban taɓa wuce Maradi ba. Gaisuwarsu gajera ce, kana cikin tambayar mutum iyali ya riga ya sha kwana. Ruwa kuma a garwa ake yawo da shi ana sayarwa, ka yi sallama a ƙofar gida ba wanda zai fito maka da shi a ƙwarya.

A can Ja'e ya gamu da garin rogo. Ba a gaya masa jiƙa shi ake fara yi ba. Ya afa busasshe ya fi tafi biyar, ya ce abincin Kanawa ba ya riƙe ciki, sannan ya kora da ruwa. Kafin azahar yana kwance yana nishi, ciki kamar ganga.

"Labo, in na mutu kada ka ce rogo ne. Ka ce zaki ne."

Washegari muka shiga jirgin ƙasa na Nguru. Ni da shi ba wanda ya taɓa shiga. Ja'e ya bi mutanen taragon ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su, sai da jirgi ya fizga ya zaunar da shi a cinyar wata mai tallan goro. Muka samu wuri kusa da wani mutum mai tabarau, ya rungume akwatin katako cike da kwalabe, kowace da takarda a manne. Sunansa Malam Isiyaku.

"Malam, magani ne?" in ji Ja'e.

"Ruwa ne."

"Ruwan mi?"

"Ruwan gulbi."

Ja'e ya zungure ni. "Ashe ba kai kaɗai ba ne. Kai ƙasa, shi ruwa. Saura mai ɗaukar iska."

Malam Isiyaku ya yi dariya har da cire tabarau. Ya ce shi ma'aikacin ruwa ne. An tare wani babban gulbi kudu da Kano, abin da mu muke ce wa baraj, su kuma dam. Aikinsa ya ɗebi ruwa a inda gulbi yake shiga, ya ɗiba a inda yake fita, ya bi shi gangare yana ɗiba, a kai a auna a ga abin da ya ragu.

Na ce, "Ruwa ai ruwa ne. Mi zai ragu a ciki?"

Ya ce, "Ka san kanwa tana narkewa a ruwa. To dutse ma yana narkewa, yashi ma haka, sai dai kaɗan-kaɗan, ido ba ya gani, harshe ba ya ji. A littafi silika muke ce wa narkakken nan. Muddin ruwa yana gudu, yana tafe da abinsa har inda zai ƙare, ko teku ko Tabkin Chadi. Amma da ya tsaya wuri ɗaya rana ta ratsa shi, sai wasu halittu su yawaita a ciki, dangin gansakuka, ƙanana ƙwarai, ido ba ya kama guda. Su ne suke tsotse narkakken yashin su yi wa kansu ɓawo kamar na kwalba. In sun mutu ɓawon ya nutse ya kwanta a ƙasa, shekara bisa shekara. Ruwan da ya fita ta ɗaya bakin ya bar rabonsa a baya."

"Kamar baƙauye a Kano ke nan," in ji Ja'e. "Ya shiga da kaya ya fita wayam."

"Haka yake. Kuma ba nan kaɗai ba. Duk duniya, inda tabki yake, da inda aka tare gulbi, abin da ake ciki ke nan."

Na tambaye shi wa ke asara. Ya ce na gangaren gulbi. Halittun nan su ne abincin farko a ruwa, ƙanana su ci su, kifi ya ci ƙananan. Tsiro ma yana shan narkakken yashin, shi ke ba karan gero tauri, shi ke dakusar da lauje, shi ke sa ƙaiƙayi ya addabi fata. Wannan ta shige ni. Shekara arba'in da wani abu ina susa a masussuka, ban san yashi nake susa ba.

Sai na tuna da namu. Na ce, "Gulbinmu fa daga ƙasarku yake fitowa. In wata rana kun tare shi?"

Ya leƙa ta taga. "Wannan tambayar ta fi ƙarfin kwalabena."

Da ya ji abin da ya fito da ni, ya gyara zama. Ya ce farar ƙasar da nake nema ita ce ɓawon nan, na tabkunan da suka ƙafe tun zamanin da ba wanda ya san shi. A hannu laushi gare ta, amma ga ƙwaro kamar fasasshiyar kwalba ce, tana kankare maiƙon bayansa ruwan jikinsa ya ƙafe. Ya ce shi a littafi ya san ta, bai taɓa haƙa ba. Ya zana mini siffar halittun a kayena, wasu kamar faifai, wasu kamar ƙwayar shinkafa, ni kuma na rubuta sunansu a ƙarƙashi ina jiran jirgi ya daina girgiza tsakanin harafi da harafi.

Daga Nguru mota ta ɗauke mu zuwa arewa. Rabin hanyar mu muka ɗauke ta, don kowane tudun rairayi sai an sauka an tura. Inda ta ƙare muka bi masu raƙuma a ƙasa. Rana ta goma sha ɗaya da barina gida, da tsakar rana, muka hau wani tudu, sai ga kwari a ƙasanmu, dabino da goruba sun kewaye shi. A tsakiya tabki ne, fari ya shanye shi, ya bar fili fari fat. Garin yana can ƙetare.

Nan na yi wautar da har gobe Ja'e yake mini gori da ita. A wurinmu abin da yake fili, in ba shuka ba ce, na kowa ne. Ka ga laka ka ɗiba, ka ga yashi ka ɗiba. An ce mini farar ƙasa wajen tabki, ga tabki, ga fari. Ban jira na shiga gari na yi sallama ba. Na ga zarben dabino a kakkafe nan da can, na ɗauka wasan yara ne. Muka gangara, na sa hannu ina ɓamɓaro ɓawon ina zubawa a buhu, Ja'e yana riƙe da bakinsa.

Buhu ya kusa cika muka ji ihu. Wani dattijo ne dogo, da zane a fuska daga goshi har haɓa, ya taho da gudu da kulki yana faɗa da Barbarci. Kafin mu miƙe mutum biyar sun kewaye mu. Wani mai jin Hausa ya ce wannan fili gonar Ba Modu ce, dattijon nan, zarben da muka tsallake iyakarsa ce, kuma ɓarawon gona gaban lawani, mai garinsu, ake kai shi. Lawanin kuwa ya yi tafiya, sai bayan mako.

Mako guda! Ni da nake da kwana tara a hannu, ga hanya. Na fara ba da haƙuri, ba mai saurare. Tulun nan kawai nake gani bisa murhu.

Sai Ja'e ya saki buhu, ya dogara sanda, ya dubi dattijon sama da ƙasa.

"Kai bawana! Haka ake tarbar ubangida? Na yi tafiyar kwana goma in duba dukiyata, ka fito mini da kulki?"

Ni na ce yau mun mutu. Na san akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, amma ban taɓa ganin an yi shi da kulki a sama ba.

Dattijon ya sauke hannu a hankali. Ashe yana jin Hausa sarai.

"Fulata! Ɓarawon nono ya koma satar ƙasa? Ina shanun da na ba ka kiwo?"

"Fari ya karɓa."

Ba Modu ya dubi ƙafafun Ja'e, duk faso. Sannan ya ce, "To yanzu ka zama nawa gaba ɗaya. Ɗauki buhun nan, bawa ba ya tafiya hannu sake. Mu je ka ci abinci."

A gidansa muka sauka. Mutanen nan in suka fara gaisuwa sai ka nemi wurin zama. "Wushe, wushe," suna tafa hannu a hankali, ido a ƙasa, a tambayi gida, a tambayi rana, a sake komawa gida. Na ce da za a haɗa tasu da ta Kanawa a raba biyu, da kowa ya samu daidai. Ɗakunansu ƙamshin turaren wuta ko'ina, har tabarmar da aka shimfiɗa mana. Su ma farin ya taɓa su, amma aka kawo mana burabusko da miyar busasshen kifi, da dabino a faifai. Na lura masu gidan ba su ci da yawa ba.

Matarsa Ya Fanna, tsohuwa mai zoben hanci, ta zauna daga bakin ƙofa tana jin labarina. Da na kai ƙarshe ta sa aka jawo buhun, ta ɗebo kaɗan ta lasa, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙofa.

"Afuno!" Haka suke kiran Bahaushe. "Wake za ka ajiye da wannan? Da mi matarka take dafa shi?"

Na ɗauka na lasa. Kanwa ce. Ni da aka yaye ni da wake da kanwa, na cika buhu da ita ban ko ɗanɗana ba.

"Ita wannan laima take ja," in ji ta. "Da ka cuɗa da ita, kafin damina sai ka tarar da irinka ya ruɓe. Wadda kake nema ba a sama take ba. Gobe zan kai ka."

Da safe ta kai mu, ba tsakiyar tabki ba, can gefe inda wata tsohuwar rijiya ta rufta ta bar gaɓa. A jikin gaɓar, ƙarƙashin rairayi, ga wani farin layi kauri kamar kamu biyu. Ta ɓalle guntu ta ɗora mini a hannu. Ba nauyi, kamar busasshen kashin saniya. Ba ɗanɗano, sai dai ta manne a harshe. Na jefa a ƙwaryar ruwa, ta yi ta shan ruwa tana tsuwa, ba ta narke ba. Ya Fanna ta ce tabkin da ya kai har nan kakan kakanta ma bai gan shi ba. Da ita suke shafe ɗaki, da ita suke ajiye iri. Ta ce a daka, a tankaɗe, a rufe hanci, tafi ɗaya ga kowace tiya, kuma kada ruwa ya kusance ta.

Na tambaya ko ita ma da mai ita. Ba Modu ya ce, "Kanwa ce dukiya. Wannan ƙasa ce, ɗebi." Ya zaunar da Ja'e gaban turmi ya ce bawa ya daka. Ja'e ya daka yana zaginsa, shi yana ramawa, mata suna leƙe suna dariya don ba su taɓa ganin namiji da taɓarya ba. Da muka tashi tafiya, su biyun suka riƙe hannun juna har bayan gari.

Ta arewa muka dawo, don an ce motocin taimako suna komawa yamma wayam. A bakin iyaka wata rumfa ce da ma'aikaci guda. Lokacin an hana fita da abinci daga Najeriya. Ya kwance buhu ya ga fari lilis.

"Garin me ne wannan?"

"Ƙasa ce, ranka ya daɗe."

"Ni za ka raina wa hankali? Ana yunwa mutum ya ɗauko ƙasa?"

Ya yunƙura ya ɗaga buhun da ƙarfinsa duka, saura kaɗan ya faɗi ta baya. Abin ya ƙara ba shi haushi. Ya ɗebi tafi guda ya watsa a baki. Ya buɗe baki zai yi magana, magana ta ƙi. Harshe ya manne, gashin baki ya yi fari. Ja'e ya miƙa masa buta cikin ladabi ya ce, "A ƙara, ranka ya daɗe? Akwai da yawa." Da hannu ya kore mu.

A Maine muka samu mota. Sai da muka wuce Gure ta mutu a daji, muka yini biyu direba yana ƙarƙashinta. Ina zaune a inuwar taya ina ƙirga kwanaki a yatsa, in sake ƙirgawa ko za su canja. Ja'e ya ce in daina, yatsun za su ƙare. Rana ta ashirin da biyu muka sauka Gazawa. Daga nan zuwa gida ban san na iya sauri haka ba.

Na yi sallama. Hajo tana tsakar gida tana tsame anza. Ta rame fiye da yadda na bar ta. Na dubi murhu, na dubi ɗaki. Ga tulu a wurinsa, ga wake a shanye bisa tabarma.

Na ce, "Kwana ashirin kika ce."

Ba ta ɗago ba. "Ni ban shiga karatun manya ba. Ban iya ƙidaya ba."

Ranar muka zauna muka tsince. Ƙwari sun ci wajen kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya lalace ta dafa wa yara, mai kyau muka cuɗa da farar ƙasar har ya yi furfura, na mayar a tulu na liƙe. Maƙwabta da suka rage da ɗan iri suka zo da ƙoƙo, wasu suna dariya suna ɗiba. Bayan kwana goma Hajo ta kara kunne ta ce shiru. Na ce shirun ba hujja ba ce. Ban sani ba ko ƙasar da ta busar da ƙwaro ta busar da ran waken ma. Wannan ba wanda na tambaya a hanya, kuma tambayar ta zauna mini har bazara ta wuce.

Ruwa ya makara, amma ya zo. Na fasa tulu. Ƙwarin suna gindi, busassu kamar ƙwayar gero. Muka shuka, ni da sungumi, Hajo da yara suna zubawa suna takewa, Ja'e ma ya bi layi ɗaya karkatacce. Kwana uku ban je gona ba, na ce ƙafata ke ciwo. Rana ta huɗu Hajo ta fita tun da safe ta nufi gona. Ina zaune a ƙofa na hango ta tana dawowa, ba sauri ba nawa, fuska ba ta nuna komai. Ta wuce ni ta shiga, ta sha ruwa, ta fito.

Ta ce, "Malam, in ƙafar ta warke, a wasa hauya. Akwai noma."